Tarihin Ƙirar Wasannin Bidiyo a Hannun 'Yan Sha'awa Masu Aiki Daga Nesa da Matsayin Garin Illela

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ƙirar wasannin bidiyo ta samo asali a hannun 'yan sha'awa, wato mutanen da ba albashi ya tara su ba, sau da yawa kuma ba gari ɗaya suke zaune ba. Daga nan sai a dawo gida a dubi garin Illela na Jihar Sakkwato, domin a ga abin da yake da shi da abin da ya rasa dangane da irin wannan aiki. Mai yiwuwa a yi tambaya a ce, mece ce alaƙar nazarin Hausa da wasan na'ura? Amsar ita ce, wasanni wani babban reshe ne na al'ada, kuma manazarta sun daɗe suna rubutu a kan dara da langa da kokawa da dambe. Yaron da kakansa ya wuni a bakin ramin dara, shi a waya yake nasa wasan. Idan aka kau da kai daga wannan, to an bar wani yanki na rayuwar Bahaushe ba tare da nazari ba.

2.1 Asalin Al'amarin

Akasarin mutane suna ɗauka cewa manyan kamfanoni ne suka haifi wasan bidiyo. Tarihi bai nuna haka ba. A shekarar 1962 wani matashi mai suna Steve Russell da abokansa suka rubuta wasan Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1 ta cibiyar MIT da ke Amurka. Ba wanda ya sa su, ba su kuma sayar da shi ba. Duk wanda yake da irin wannan na'ura sai ya kwafa, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya miƙa wa na gaba. Amma waɗannan a wuri ɗaya suke, suna ganin juna kullum.

Aikin mutanen da ke warwatse ya fito sarari ne a shekarar 1987 da wasan NetHack. Mike Stephenson da Izchak Miller, wanda malamin falsafa ne a Jami'ar Pennsylvania, da Janet Walz su ne suka fara ɗaukar nauyinsa, kuma an gina shi ne a kan wani tsohon wasa mai suna Hack. Kalmar da aka ƙara a farkon sunan tana nuni ne ga hanyar sadarwar kwamfuta da suke aiki ta cikinta, domin ta nan suke aika wa juna gyare-gyare. Abin lura a tarihin wannan wasa shi ne rashin gaggawa. Tsakanin fitowar wani bugu nasa a Disambar 2003 da babban bugun da ya biyo baya a Disambar 2015 shekara 12 ne cur. Kamfani ba zai jure wannan ba, amma ɗan sha'awa yana da aikin da yake ci da shi, da iyali, da rashin lafiya, sai abin da ya rage na lokacinsa yake ba wasan. Wannan shi ne ƙarfin irin wannan ƙungiya, shi ne kuma rauninta.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Counter-Strike. A shekarar 1999 Minh Le, ɗalibi a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada, ya ɗauki wasan Half-Life na kamfanin Valve ya sake masa fasali ya mayar da shi fafatawa tsakanin rukuni biyu. Abokin aikinsa Jess Cliffe ɗalibi ne a Virginia ta Amurka, tazarar dubban kilomita, kuma sun daɗe suna aiki tare kafin su haɗu ido da ido. Rabon aikinsu abin koyi ne. Le shi ne mai rubuta manhaja da ƙera siffofin mutane da makamai, Cliffe kuwa shi ke hulɗa da masu wasa, yana tattara koke-kokensu, har muryarsa ce ake ji a cikin wasan. Filayen da ake fafatawa a kansu ma yawancinsu wasu ne can daban suka zana suka aiko. Wanda ya fi suna a cikinsu, wato Dust, wani matashi ne ɗan Ingila mai suna Dave Johnston ya zana shi tun bai kai shekara 20 ba. A shekarar 2000 kamfanin Valve ya sayi wasan ya kuma ɗauki mutanen biyu aiki. Sai dai kada wannan ya ruɗi mai nazari, domin a bayan kowane wasa ɗaya da ya kai ga haka akwai ɗimbin waɗanda aka fara aka watsar, ko don saɓani, ko don wanda ya riƙe ginshiƙin aikin ya daina amsa saƙo.

2.2 Yadda Abin Ya Kasance a Afirka

A nahiyar Afirka labarin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na Eyram Tawia da Wesley Kirinya. Tawia ya ƙera wasansa Sword of Sygos a matsayin aikin kammala digiri a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a shekarar 2006. A 2007 Kirinya ya fitar da Adventures of Nyangi a Kenya, jaridu suka yi ta yayata shi. Da Tawia ya ga labarin sai ya neme shi ta intanet. Maimakon su tsaya jayayya a kan wanda ya riga wani, sai suka haɗa kai, a 2009 suka kafa kamfanin Leti, wanda daga baya aka sani da Leti Arts, ƙafa ɗaya a Akara ɗaya a Nairobi. Sun sami jarin farko daga gidauniyar Meltwater, kuma a wannan shekarar suka fitar da iWarrior na wayar iPhone. Daga baya suka koma ga tatsuniyoyin gida, musamman na Ananse, wanda shi ne takwaran Gizo a wurin mutanen Akan.

A Kamaru kuwa Olivier Madiba ya fara wasan Aurion tun 2003 yana ɗalibi, don sha'awa kawai. Sai a 2013 aka kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde, wasan kuma bai fito kasuwa ba sai Afrilun 2016, bayan an sha fama da ɗaukewar wuta da neman jari daga hannun jama'a. Shekara 13 ke nan daga tunani zuwa kasuwa. A Legas Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012 da ƙananan wasanni irin su na ɗan acaɓa da na kashe sauro. A maƙwabciya Nijar ma, cikin shekarun 2010, wani matashi a Yamai mai suna Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda gwarzonsa Shamsou yake samun ƙarfi daga rana. Duk waɗannan wurare manyan birane ne, ko dai fadar gwamnati ko cibiyar kasuwanci ko mazaunin jami'a. Wannan kuwa ba haɗari ba ne, kamar yadda za a gani nan gaba.

2.3 Illela da Shigowar Wasan Na'ura

Illela tana sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jihar Tawa ta Nijar, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Iyakar da ta raba su Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamominta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Jama'ar ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, akwai auratayya, kuma kasuwanninsu suna ciyar da juna, ta Illela ran Lahadi, ta Ƙonni ran Laraba.

Wasan bidiyo ya shigo garuruwan Arewa ne a matsayin haja, kamar rediyo da kaset. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo ta fito a Japan a 1983, Sega Mega Drive a 1988, PlayStation a 1994, PlayStation 2 kuma a 2000. Abin da ya fi isowa hannun talaka shi ne kwaikwayonsu mai araha daga Taiwan da Sin, da kuma na hannu da aka riga aka yi amfani da su a Turai. Tun da ba kowane gida ke iya saye ba, sai aka sami abin da ake kira gidan gem: shago ko rumfa, talabijin biyu ko uku, benci, da janareta a waje. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka cinye ya tashi ya ba na gaba. Da farko wasannin faɗa ne irin su Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992, daga baya ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami ya mamaye ko'ina. Iyaye da malamai ba su taɓa sakin jiki da waɗannan wurare ba, suna ganin suna hana yara makarantar allo da ta boko, suna kuma koya musu ɗauke-ɗauken kuɗi. Ba za a ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Sai dai ya sa an ɗauki wasan a matsayin shashanci zalla, ba a taɓa kallonsa a matsayin abin da mutum ne ya zauna ya ƙera, wanda wani ma zai iya koyon ƙerawa ba.

Da aka fara wayar salula a Nijeriya a watan Agustan 2001, wasan macijin nan na wayoyin Nokia ya shiga aljihun dillali da direba da ɗan ga-ruwa. Wayoyin Android kuma suka ƙarasa aikin, har ta kai ga ana tura wa juna wasa daga waya zuwa waya ba tare da an kashe data ba.

A nan ya kamata a tuna da abin da ya faru a Kano. Shekaru da dama Bahaushe ɗan kallo ne na finafinan Indiya da na Sin. Da kyamarar bidiyo ta yi araha, sai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ba da jarin gwamnati ba, ba kuma da horon makarantar fim ba. Cikin shekara goma abin ya zama sana'ar dubban mutane. Wato ɗan kallo yana iya komawa maƙeri idan kayan aiki suka sauko inda hannunsa zai kai. A fagen wasan bidiyo kayan aikin sun sauko. Manhajar zane ta Blender ta zama kyauta tun 2002, injin ƙirar wasa na Godot tun 2014, wurin ajiye aikin haɗin gwiwa na GitHub kuma ya buɗe a 2008.

2.4 Aiki Daga Nesa a Al'adar Fatauci

Abin da ya fi wuya a ƙungiyar da ke warwatse ba fasaha ba ce, amana ce. Ta yaya za a ba mutumin da ba a gani wani yanki na aiki, a kuma tabbata zai kawo? A wannan fanni Bahaushe ba baƙo ba ne. Mahdi Adamu, a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978, ya nuna yadda fatake suka shimfiɗa zango-zango daga ƙasar Hausa har Gwanja. Abner Cohen kuma, a nazarinsa na Sabon Ibadan da aka buga a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro yake tafiya tsakanin mutanen da ɗaruruwan kilomita suka raba. Mai shanu yana Arewa, mahauci yana Kudu ya karɓa bashi, mai gida kuma ya tsaya a tsakani ya lamunce. Babu takardar kotu. Abin da yake riƙe da tsarin shi ne suna, domin wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowane zango.

Kasuwar dabbobi ta Illela a kan wannan tsari take. Dabba takan fito daga cikin Nijar, dillali ya sayar, a loda ta a mota zuwa Kudu, kuɗi su dawo ta hannun wani, ɗan canji ya mayar da naira sefa. Kowa da yankinsa na aikin, kuma da yawansu ta waya kawai suka san juna. Idan aka kwatanta da ƙungiyar masu ƙirar wasa, za a ga mai rubuta manhaja da mai zane da mai kiɗa da mai gwaji suna bukatar mutum guda da zai zama kamar mai gida, ya san inda kowa ya kwana, ya sasanta saɓani, ya yanke abin da za a saka da wanda za a bari. Matsayin da Jess Cliffe ya riƙe ke nan.

Amma kwatancen yana da iyaka, kuma bai kamata a ja shi fiye da kima ba. Bafatake riba ce ta ɗaure shi, idan ya saɓa alkawari abincinsa ya taɓa. Ɗan sha'awa kuwa ba ya asarar komai idan ya janye, ba kuma wanda zai kai ƙararsa wurin sarkin zango. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka ɗore suke ajiye aikin a wurin da kowa zai iya kaiwa gare shi, su rubuta yadda aka yi kowane abu, domin tafiyar mutum ɗaya kada ta tafi da aikin gaba ɗaya. NetHack ya rayu bayan rasuwar Izchak Miller a 1994 saboda wannan dalili.

2.5 Tarnaƙin Garin Bakin Iyaka

Dalilin da ya sa misalan Afirka suka taru a manyan birane shi ne, aikin yana bukatar wuta da sabis da hanyar biyan kuɗi zuwa waje, ukun nan kuwa su ne suka fi saurin yankewa a bakin iyaka. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa a Agustan 2019. A Nuwambar wannan shekara Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar ne don masu fasa-ƙwauri, amma ta faɗa a kan duk mai janareta, tun daga mai cajin waya har mai gidan gem. Illela tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a Disambar 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, Nijeriya ta kuma yanke wutar da take ba Nijar, ba ta ɗage matakan ba sai a Maris ɗin 2024. Ɗan kasuwa yana iya bin barauniyar hanya da hajarsa. Mai ƙirar wasa kuwa idan babu caji babu sabis, to ya ɓace wa abokan aikinsa, su kuma ba su da hanyar sanin ko ya janye ne ko yana nan.

Batun kuɗi ma haka yake. Kamfanin Google ya sa dala 25 a matsayin kuɗin rajistar mai son saka manhaja a kasuwarsa, kasuwar Steam kuma ta sa dala 100 a kan kowane wasa tun 2017. A shekarar 2022 bankunan Nijeriya da dama suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar gaba ɗaya. Ma'ana, a wancan lokaci matashin da ya gama wasansa, yana kuma da kuɗin a asusunsa, katinsa ba zai biya masa rajistar ba sai ya nemi wani mai asusun dala. Abin mamaki, a garin da canjin kuɗi sana'a ce ta bakin titi.

Duk da haka zaman bakin iyaka yana da tasa riba. Ɗan Illela ya yi boko da Ingilishi, ɗan Ƙonni da Faransanci, Hausa kuma ta haɗa su. Ƙungiyar da ta ƙunshi su biyu tana iya fitar da wasa cikin harsuna uku ba tare da ta ɗauki tafinta ba. Sai dai tun ranar farko za su ci karo da bambancin ƙa'idar rubutu, domin abin da Nijeriya take rubutawa 'y, kamar a kalmar 'ya'ya, Nijar da harafin ƴ take rubuta shi. Dole kuma su zaɓi fasalin haruffan da yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba sai akwatuna su fito a kan allo a madadinsu.

2.6 Dara

Idan ana neman wasan gida da ƙaramar ƙungiya za ta iya mayarwa na na'ura, dara ce ta fi kusa. Ramuka 30 ne, layi 5 kowanne da rami 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani ya riƙe tsinke wani tsakuwa. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an jera uku ba, sannan a shiga turawa gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa, jerin huɗu kuma ba ya ci. Ba ta bukatar zane mai nauyi ko waya mai tsada, kuma tun da bi-da-bi ake yi, ko sabis ya ɗauke ana iya ci gaba idan ya dawo. Ta kuma shiga harshe har an sami karin maganar nan ta dara ta ci gida.

Wahalar tana wani wuri daban. Kwamfuta ba ta san "haka muke yi a garinmu" ba, sai an rubuta mata doka guda tabbatacciya. Dokokin dara kuwa a baki suke, suna kuma sauyawa daga dandali zuwa dandali, musamman a kan wane ɗa ya halatta a ɗauke bayan an ci, da kuma ko ana iya ci gaba da ci da jeri ɗaya ana buɗe shi ana rufewa. Zabarmawa ma suna da tasu, wadda suke kira dili. Saboda haka kafin mai rubuta manhaja ya fara, sai an sami wanda zai je ya zauna da dattawan da ke bugawa a Illela da Ƙonni da Gwadabawa, ya rubuta dokar kowane wuri daban da sunayen da suke kiran kowane salo, sannan ƙungiya ta yanke ko za ta ɗauki ɗaya ko ta bar mai wasa ya zaɓa. Wannan yanki na aikin ba ya bukatar sanin kwamfuta, horon da ake ba ɗalibin sashen Hausa na tattara bayanai daga bakin jama'a shi yake bukata.